Miura: Motar da Anka Sa wa Inji a Tsakiya



Wata rana da la'asar muna cikin aji a nan Jiratawa, sai wani ɗalibi ya shigo da takarda a naɗe. Shafin tsohuwar kalanda ne. Wurin wani makaniki ya samo shi a Maraɗi. A jiki akwai hoton wata mota ja, gajeruwa, ta kwanta ƙasa kamar kada. Ya ce: "Malam, da kaina na karanta sunanta." Sai ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: M, i, u, r, a. Miura. Aji duka munka yi mashi barka.

Daga nan tambayoyi sunka taso. Wani ya ce: "Malam, ina ake sa buhu a motar nan?" Wani ya ce: "Me ya kawo hoton bajimin sa a goshinta?" Sai wani dattijo ya karɓi takardar, ya daɗe yana dubawa, ya ce: "Malam, gabanta ya yi ƙasa da yawa. To ina inji zai shiga?" Na ce: "Baba, ai tambayarka ita ce uwar tambayoyin." Ga amsar, na rubuta ta domin kowa ya karanta da kansa.

Ɗan manomi

Motar nan a ƙasar Italiya anka ƙera ta, can Turai. Mai kamfanin sunansa Ferruccio Lamborghini. An haife shi a shekarar 1916, a wani ƙauye da ake kira Renazzo, a arewacin Italiya. Iyayensa manoma ne, gonar inabi gare su. Tun yana yaro ya fi son ƙarfe da noma. In kayan aikin gona sun lalace, shi ne mai kwancewa da ɗaurawa. Da ya tasa sai ya shiga koyon aikin inji.

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi, sai anka ɗauke shi soja. Anka kai shi wani tsibiri mai suna Rodos, yana gyaran motocin soja. Wurin nan kayan gyara ba su wadata ba. Dole ya koyi ciro ƙarfe daga matacciyar mota ya tada wata da shi. Kun san irin aikin, haka makanikan Maraɗi ke yi har gobe.

Yaƙi ya ƙare a 1945, ya koma gida a 1946. Ya iske ƙasa ta lalace, manoma ba su da abin huɗa. Ga kuma tsofaffin motocin soja zube ko'ina, ana sayarwa da araha. Sai ya riƙa sayen su yana ƙera tarakta, wato motar noma. A 1948 ya kafa kamfaninsa na tarakta. Ya yi wata dabara: injin yana tashi da fetur, in ya yi zafi sai ya koma shan man da ya fi araha. Manoma sunka yi ta saye. Kafin shekarar 1960 ya zama babban mai kuɗi.

Daga tarakta zuwa mota

Da ya samu hali, sai ya shiga sayen motoci masu tsada. Cikinsu har da na kamfanin Ferrari, wanda a lokacin ba a kama ƙafarsa wajen motocin gudu. Amma kuloci ya riƙa ba shi wahala. Kuloci shi ne abin da direba ke takawa in zai canja giya.

Shi Ferruccio da bakinsa ya sha ba da labarin abin da ya faru. Ya ce ya je wurin mai kamfanin, Enzo Ferrari, ya kai kuka. Shi kuwa bai karɓe shi da kyau ba, ya nuna mashi cewa mai tarakta bai san mota ba. Ferruccio ya ji zafin maganar, ya ƙudura sai ya yi motar da ta fi tasu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A 1963 ya kafa kamfanin mota a garin Sant'Agata Bolognese, ba nisa da masana'antar Ferrari. Ya ɗauko wani gwani mai suna Giotto Bizzarrini, wanda ya taɓa yi wa Ferrari aiki, ya zana mashi inji mai silinda 12. Silinda ita ce ramin da mai ke ƙonewa a ciki ya ba inji ƙarfi. Peugeot 504 da muka sani silinda 4 gare ta. Motarsu ta farko, 350 GT, ta shiga kasuwa a 1964. Injinta a gaba yake, kamar na sauran motoci.

Ina ake sa inji?

A nan sai mu dakata, mu koma ga abin da muka sani. Mu ɗauki amalanke mai taya biyu.

In ka loda buhunan hatsi duka a gaba, nauyi ya danne jaki ko wuyan shanu. Kafin a yi nisa dabba ta gaji. In ka loda su duka a baya, gaban amalanke ya ɗaga sama. Ni da idona na taɓa ganin jaki ya tashi sama, ƙafafunsa na lilo, buhunan albasa sun zube a hanya. Mai amalanken da ya san aikinsa, bisa ƙarfen da ke riƙe da tayu yake jera kaya masu nauyi. Sai ka ga dabba tana tafiya ba wahala.

To, mota ma haka take. A jikin mota ba abin da ya kai inji nauyi. Wuri uku ake iya sa shi.

Na ɗaya, a gaba. Haka Peugeot 404 da 504 suke, waɗanda anka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Amfaninsa shi ne ana samun wurin mutane da wurin kaya, kuma gyara ba wuya.

Na biyu, can baya, bayan tayun baya. Haka tsohuwar Volkswagen mai kama da kunkuru take. Wanda ya buɗe gabanta yana neman inji sai ya iske tayar ajiya.

Na uku, a tsakiya. Wato bayan kujerar direba, amma gaban tayun baya. Haka Miura take.

Mene ne amfanin tsakiya? Abu uku ne.

Da farko, tayu huɗu suna raba nauyi. Tayun baya da ke tura mota suna da nauyi a kansu, saboda haka suna kama ƙasa sosai, ba su juyawa a banza.

Na biyu, shan kwana yana sauƙi. Ku dubi mai ga-ruwa. Garwa ɗaya gaba, garwa ɗaya baya, a bakin doguwar sanda. In zai juya sai a hankali, don nauyin yana nesa da jikinsa. In kuma ya fara juyawa, tsayawa ma aiki ne. Amma wadda ta ɗauko tulu ɗaya a kai, nan take take juyawa. Motar da nauyinta ke tsakiya kamar mai tulu take.

Na uku, tunda ba inji a gaba, ana iya yin gaban ya kwanta ƙasa. Iska sai ta bi ta sama ta wuce, ba ta tare motar da yawa. Amsar tambayar Baba ke nan.

Masu tseren mota sun riga kowa gane wannan. A 1959 wata motar Ingila mai suna Cooper, mai inji bayan direba, ta ci babbar gasar tsere ta duniya. Ana ba da labari cewa da farko Enzo Ferrari bai yarda da tsarin ba. Wai a ganinsa dabba gaban amalanke take tsayawa ta ja, ba ta turawa daga baya. Daga baya shi ma ya bi sahu a motocinsa na tsere.

Samari uku da aikin dare

A kamfanin Lamborghini akwai wasu samari uku. Biyu ƴan Italiya ne, Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani. Na ukun, Bob Wallace, daga ƙasar Niyu Zilan ya zo, shi ne mai gwajin mota. A 1965 ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Suna son su ɗauko tsarin motar tsere su sa shi a motar da mutum zai saya ya hau titi da ita.

Maigidansu ba ya son tsere. Shi ya fi son mota mai daɗin zama, ta tafiya mai nisa. Saboda haka in an tashi aiki sai su tsaya da dare suna zane. Da sunka nuna mashi, ya ce su ci gaba. A tunaninsa ko ba a sayar da ita da yawa ba, za ta ɗaga sunan kamfani.

Amma akwai matsala. Inji mai silinda 12 dogo ne. In an miƙe shi bayan direba, motar za ta yi tsawo da yawa. Sai sunka gicciya shi, kamar yadda ake gicciya buhu a bayan jaki. Sunka haɗa inji da akwatin giya a gida ɗaya. Dabarar nan sun gan ta ne a wata ƴar ƙaramar motar Ingila mai suna Mini.

A watan Nuwamba na 1965 sunka kai aikinsu bajekolin motoci na birnin Turin. Ba su kai mota cikakkiya ba. Ƙashinta kawai sunka kai: ƙarfe, inji da tayu, ba jiki. Duk da haka masu kuɗi sunka fara cewa a rubuta sunansu, suna so.

Sai anka ba kamfanin Bertone aikin yi mata jiki. Wani saurayi ɗan shekara 27, Marcello Gandini, shi ya zana shi. Cikin wata huɗu anka gama. A watan Maris na 1966 anka nuna ta a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. Labarinta ya game duniya.

Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi mita 1 ne da ɗan kaɗan. Dogon mutum in ya tsaya kusa da ita, iyakarta ƙugunsa. Fitilunta an kewaye su da baƙin ƙarfe kamar gashin ido, sai ka ce an sa mata kwalli. Ƙarfin inji da doki ake auna shi. Na Miura ta farko doki 350 ne. Na Peugeot 504 kuwa mafi yawa tsakanin 80 da 100 yake. Kamfanin ya ce tana iya gudun kilomita 280 a awa ɗaya. Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne. Ku yi lissafi da kanku. A zamaninta, tana cikin motocin titi da sunka fi kowace gudu.

Miura ba ita ce motar titi ta farko mai inji a tsakiya ba. A Faransa an yi wata ƙarama mai suna Djet tun 1962. Amma Miura ce ta haɗa babban inji da wannan tsari har duniya ta juyo ta duba.

Sunan bajimi

Saura tambayar bajimin sa. A ƙasar Sifaniya akwai wasan da mutum ke shiga fili ya kara da sa. Yana ɗan kama da hawan ƙaho na mahautanmu, sai dai su a ƙarshe kashe san suke yi. Kusa da birnin Sebiya akwai wani gida da ake kira Miura. Tun 1842 suke kiwon shanun wasan nan, kuma nasu sun yi suna wajen faɗa. Ferruccio ya ziyarci garkensu a 1962, abin ya burge shi. Shi ya sa ya ɗauki bajimi ya zama tambarin kamfaninsa, ya kuma sa wa motar sunan gidan. Wato sunan makiyaya ne ɗalibinmu ya karanta a kalanda.

Aibinta

Kada mu yabi abu mu ɓoye aibinsa. Miura tana da nata.

Kujera biyu gare ta kawai. Wurin kaya ɗan kaɗan ne, buhun hatsi ba ya shiga. Inji yana dab da ƙeyar direba, gilashi ne kawai tsakaninsu. Ga ƙara, ga zafi. Cikinta ya yi kusa da ƙasa. A yashinmu ko zango ɗaya ba za ta yi ba.

Inji da akwatin giya baƙin mai ɗaya suke sha. Dattin giya yana iya shiga inji ya ci shi. Sai a motocin ƙarshe anka raba masu mai.

Babban aibin shi ne wanda ya fi kusa da darasinmu. Tankin fetur a gaba yake. In tanki ya cika, gaba yana da nauyi. In mai ya yi ƙasa, gaba ya yi sakayau. A tsananin gudu iska tana shiga ƙarƙashi tana ɗaga hancin motar, sitiyari ya daina kama ƙasa yadda ya kamata. Kun gani, ciwon amalanke ne dai. Ko gwanayen Italiya sai da rabon nauyi ya ba su wahala.

Sun yi ta gyara. A 1968 sunka fito da Miura S, a 1971 sunka fito da Miura SV, mai faffaɗan tayun baya. A 1973 anka daina ƙera ta. Duka duka wajen 760 anka yi.

Gadon da ta bari

Shi Ferruccio, kasuwa ta juya mashi. Ƙasar Bolibiya ta yi odar tarakta masu yawa, daga baya ta fasa. A 1972 ya sayar da fiye da rabin kamfanin motarsa. A 1973 kuɗin mai ya tashi a duniya, masu sayen motocin da ke shan mai da yawa sunka ragu. A 1974 ya sayar da sauran. Ya koma gona kusa da tabkin Trasimeno, yana noman inabi kamar iyayensa. Ya rasu a 1993.

Kamfanin ya sha wuya. A 1978 ya karye, ya yi ta canja hannu. Tun 1998 yana hannun kamfanin Audi na Jamus. Amma tsarin da samarin nan uku sunka kafa bai mutu ba. Bayan Miura an yi Countach a 1974, Diablo a 1990, Murciélago a 2001, Aventador a 2011, da Revuelto a 2023. Dukansu silinda 12 gare su, kuma dukansu injin yana bayan direba. A waɗannan an miƙe injin ne, ba a gicciya shi ba. Injin da Bizzarrini ya zana a 1963 an yi ta ƙara mashi girma ana aiki da shi har 2010.

Ferrari ma ya bi hanya a motocinsa na titi. Ya fito da Dino a ƙarshen shekarun 1960, sa'an nan a 1973 ya fito da mai silinda 12 a tsakiya. Dallara kuwa ya kafa nasa kamfanin a 1972, har yau ana ƙera motocin tsere da sunansa. Gandini ya rasu a 2024. Tarakta mai sunan Lamborghini har yanzu ana yin ta, amma wani kamfani ne daban ke ƙerawa.

Miura da sunka rage, masu kuɗi ke ajiye su kamar kayan gado. Guda ɗaya tana wuce dalar Amurka miliyan 1. Ba dalarmu ta sefa 5 ba, dalar Amurka. Wato sama da sefa miliyan 500.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce: "Malam, mu da ba za mu taɓa hawanta ba, ina ruwanmu?" Ruwanmu yana nan, don kullum muna loda kaya. Ran kasuwa ku tsaya bakin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ko ta Tibiri, ku duba. Za ku ga mota an jibga mata buhuna a baya, gindinta ya kusa taɓa ƙasa, hancinta ya dubi sama. Tayun gaba su ne masu juya mota. In ba nauyi a kansu, direba yana murɗa sitiyari mota tana miƙewa. Da dare fitilunta sama suke haskawa, su kashe wa mai zuwa ido.

Za ku ga wata an tara mata kaya a rufi har sun kusa kai tsayinta. Nauyi ya koma sama. Irin wannan in ta sha kwana da gudu, ko taya ta fashe, kifewa take yi. Za ku ga ɗan kabu-kabu ya ɗaure buhu can ƙarshen babur, tayar gaba tana rawa. Mutanen da ke bisa waɗannan ababen hawa ƴan'uwanmu ne, wani lokaci mu ne da kanmu.

Saboda haka in za a yi lodi, a tuna abu huɗu:

1. Kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama.
2. Mafi nauyi a tsakiya. A amalanke, bisa ƙarfen tayu. A mota, tsakanin tayun gaba da na baya.
3. Dama da hagu su yi daidai.
4. A ɗaure kaya da igiya sosai, kada su gusa a hanya.

In kun ga an loda mota ba daidai ba, ku yi magana tun tana tasha. In an ƙi ji, ku jira ta gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Shafin kalandar nan yana manne a bangon ajinmu. Dattijon da ya yi tambaya, amalanken shanu gare shi, yana kai zogale da albasa Maraɗi daga lambunan Jiratawa. Da na gama bayani ya yi dariya, ya ce: "Malam, ai tun ina yaro babana ya koya mani wannan."

Tambayoyi

1. A wace ƙasa anka ƙera Miura, kuma a wace shekara anka nuna ta cikakkiya?
2. Wace sana'a iyayen Ferruccio Lamborghini suke yi?
3. Faɗi wuri uku da ake iya sa injin mota.
4. Me ya sa gaban Miura ke ɗagawa in fetur ya yi ƙasa?
5. An fara nuna Miura a 1966, an daina ƙera ta a 1973. Shekara nawa ke nan?
6. Rubuta layi uku a kan yadda kake loda amalanke ko babur.